Sallamar da Ke Cikin Kwamfutar Yaya

Ni makanikin tarakta ne. Shekaru da dama, in damina ta kawo kai, ina gonakin Gadambaliya kwance ƙarƙashin injin wani, baƙin mai har gwiwar hannu, ba na ganin gida sai an yanke dawa da riɗi. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da ya tafi kasuwar Gadarif sayen kayan kwamfuta, a kuma yi masa uzuri.

Kwamfutar ta Yayana ce. Shi ya harhaɗa ta da hannunsa, guntu-guntu, lokacin da yake aiki a kasuwar kayan kwamfuta a Khartum. Duk zuwan da zai yi gida sai ya ciro wani abu daga jaka ya ƙara mata. Ya girke ta a ɗakinsa na bakin ƙofa, ɗakin bulo tilo a gidanmu, don sauran duk bukkokin ciyawa ne irin na garin nan. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ya kira mu a kwanakin farko, ya ce lafiyarsa ƙalau, yana neman mota. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Har yau da nake wannan rubutu ba mu ji mutuwarsa ba, ba mu ji rayuwarsa ba.

Yaya mutum ne mai tsokanar tsiya. Ɗan kiɗan nan da kwamfuta take yi in ta buɗe, cire shi ya yi, ya sa muryarsa a madadinsa. In ka kunna ta ka rubuta kalmar sirri, sai ka ji daga sifika: "Salamu alaikum, mutan gida. An tashi lafiya? To a ɗora shayi." A da haushi abin yake ba ni. Ƙato da gemu, ya zauna yana koya wa na'ura roƙon shayi.

Shi ne ɗan farin Inna, mahaifiyarmu. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Mun ɗauki Larabci, mun ɗauki kisra, wato wainar dawa mai faɗi, da jabana, wato gahawa, matanmu sun iya naɗa lafayar nan da ake ce wa tobi, amma kunyar ɗan fari tana nan daram a wurin tsofaffinmu. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna ba. Sai dai "yayanku", ko "mutumin Khartum". In ya dawo daga tafiya kowa ya rungume shi, ita kuwa ta amsa gaisuwarsa tana kallon tukunya, sannan a ga naman da ya fi kowanne tsoka ya faɗa kwanonsa. Da ya ɓace, ƙannena mata suka yi ta kuka, maƙwabta suka cika gida da jaje, Inna tana ba mutane haƙuri kamar ɗan wani ne ya ɓata.

Ni da na fara kunna kwamfutar kowace safiya, wallahi ba da wata manufa na fara ba. Mu a sana'armu mun san injin da aka bari a ajiye shi yake lalacewa, dole a riƙa tayar da shi yana ɗumama. Sai na lura duk lokacin da na shiga ɗakin, Inna tana bakin ƙofa da tsintsiya. Tsakar gida ga ta nan fal ganyen darbejiya, amma ƙofar ɗakin Yaya ce kullum take bukatar shara. In muryar ta yi sallama sai tsintsiyar ta tsaya, in ga leɓen Inna ya motsa, sannan ta ci gaba da shararta ta wuce. Ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, ni ma ban taɓa nuna na gani ba. Tun daga lokacin na daina kwana a gonakin Gadambaliya, na nemi aiki a wani gareji a cikin gari, don safiya ta riƙa samuna a gida. Mai garejin yana tsammanin tsufa ne ya kama ni.

A tsakiyar damina abin ya faru. An ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfin hauka, ni kuma na manta ban zare waya daga bango ba. Ina tsakar gida na ji ƙauri. Makanike ba ya bukatar a gaya masa ma'anar wannan warin. Na kwance murfin akwatin, na ga babban faifan nan da komai yake hawa kansa, wanda muke ce wa bord, ya yi baƙin tabo a gefe ɗaya kamar an ɗiga masa garwashi. Washegari Inna ta zo da tsintsiyarta, ta share, ta ƙara sharewa. Ina ciki zaune gaban mataccen akwati, na rasa inda zan sa kaina.

"Ta ɗan samu matsala, Inna," na ce, ba tare da na juyo ba. "Zan gyara."

"Wa ya tambaye ka?" in ji ta. Ta kaɗe tsintsiya a jikin bango ta tafi.

Kafin in ciro bord ɗin sai da na ɗauki hoton kowace waya da inda take shiga. Na nannaɗe shi a tsumma, yadda muke yi wa mataccen ƙarfen tarakta, na hau raksha, keke mai ƙafa uku, sai kasuwa. Mu ba ma sayen kaya da suna. Ka ɗauki tsohon ka je shago, ka ɗora shi kan sabo. In ramukan ƙusoshi sun hau juna, haƙora sun yi daidai, khalas, magana ta ƙare. Haka ubangidana ya koya mini, haka na yi shekara da shekaru, ban taɓa jin kunya ba.

A lokacin 'yan kasuwar Khartum da yaƙi ya koro sun cika barandojin kasuwa, kowa da 'yan kwalayen da ya iya tsira da su. Aka nuna mini wani dogon mutum mai furfura da tabarau, wanda shagonsa tebur ɗaya ne da kujera. Na warware tsummana. Ya karanta sunan da ke jiki, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ciro kwali sabo fil. Na ɗora nawa a kan nasa. Launi ɗaya, faɗi ɗaya, ramukan ƙusoshi shida sun hau juna cif, manyan haruffan da ke tsakiya iri ɗaya. Raina ya yi fari tas.

"Ya usta, dakata in duba wani abu a kusurwa," in ji shi da Larabci. Usta suke ce wa duk mai sana'ar hannu.

"Me za ka duba kuma? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ni nan da ka gan ni injin tarakta nake kwancewa in mayar."

"Wace nuskha ce a kan kwamfutar? Tsohuwa ko sabuwa?"

Nuskha ita ce babbar manhajar da take tafiyar da kwamfuta. A lokacin ban ma san abin da yake tambaya ba, kuma girman kai ya hana ni cewa ban sani ba. Na ce masa ya bar ni da surutu, sauri nake yi. Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo kwalin.

Da yammar ranar na haɗa komai, ina bin hotunan da ke wayata. Na haƙura ban kunna ba sai da safe, don ina so abin ya zo a lokacinsa. Ina jin ƙarar tsintsiya na danna. Fanka ta juya. Fuskar kwamfutar ta kawo haske, ga hoton Yaya a bakin kogin Rahad yana ɗaga wani ɗan kifi da bai kai tafin hannu ba, yana dariya kamar ya kamo giwan ruwa. Ga ɗan akwatin kalmar sirri yana jira. Na sa yatsu a kibod, shiru. Na girgiza maus, kibiyar tana tsakiya ko gezau. Na zare na sauya rami, na bi duk ramukan da ke baya da na gaba. Na hura, na bubbuga, har na yi abin da ban taɓa yi wa tarakta ba, na roƙe ta. Yaya yana kallona yana dariya, ƙofa kuma a kulle, ni da mabuɗi a hannu ba dama in sa. Da na waiga, Inna ta riga ta tafi.

Na koma kasuwa rai a ɓace, akwatin gaba ɗaya a kafaɗa. Tun daga nesa na fara.

"Kai, ka ji tsoron Allah. Mushe ka sayar mini."

Mutumin ya miƙe. Ya janyo mini kujerarsa, ya aika mai shayi ta kawo jabana, ya kwance akwatin a hankali. Sannan ya karɓi tsohon bord ɗin daga hannuna, ya kunna fitilar wayarsa ya haska can ƙasa a kusurwar hagu. Wani rubutu ne ƙanana kamar ƙafar tururuwa. A jikin na Yaya lambar ɗaya ce. A jikin sabon, biyu.

"Abin da na so in duba ke nan jiya," ya ce. "Sunansu ɗaya, kwalinsu ɗaya, amma wannan fitowar farko ce, wannan ta biyu."

Ya ɗora yatsa kan wani ɗan murfin ƙarfe mai faɗin kwalin ashana. Ya ce a ƙarƙashinsa akwai abin da ake kira cibset, shi ne kamar ɗan kamasho a tasha: kibod, maus, rumbun ajiya, sauti, kowa sai ta hannunsa yake samun hanya. Masu ƙerawa sukan sauya shi daga baya in na farkon ya yi tsada ko ya ƙare, su bar suna da launi yadda suke. A mafi yawan lokuta mai saye ba zai ma ji bambanci ba. Matsalata ita ce Yaya tsohuwar nuskha yake amfani da ita, ita kuwa ba ta san sabon ɗan kamashon ba, masu ƙerawar kuma ba su yi abin da zai gabatar da su ga juna ba. Har ɗan zagayayyen ramin nan na tsohon kibod, wanda da shi za a iya lallaɓawa, sun cire shi a fitowa ta biyu. Na duba, ai kuwa babu shi. Jiya ramukan ƙusoshi kawai na ƙirga. Kama da wane ba ta wane, an faɗa tun kafin a haife ni.

"Amma abin mai sauƙi ne, ya usta," in ji shi. "Bord ɗin nan lafiyarsa lau, ya ma fi tsohon. In kwashe maka duk abin da ke cikin rumbun, in share, in sauke sabuwar nuskha, in mayar maka da kayanka. Kafin la'asar ka tafi da ita."

"In ka share, za ta dawo yadda take?"

"Hotuna da takardu za su dawo. Amma shirin da mai ita ya yi mata, wannan ya tafi."

Shirin da mai ita ya yi mata. Na san shi kamar yadda na san tsakar gidanmu. 'Yan alamomin da ya tara a gefen dama don kada su rufe masa fuska a hoton. Jakar da ya raɗa wa suna "shirme", wadda ya zuba hotunana a ciki. Wasan kartar da ya bari bai ƙarasa ba. Na ce wa mutumin a'a. Ba a raba gadon wanda ba a ga gawarsa ba, ni kuwa ba zan share ɗakin mutum in jera masa kaya yadda na ga dama ba, ya dawo ya tarar da baƙon wuri. Sai na gaya masa labarin duka, har da sallamar, har da tsintsiyar. Ban yi niyya ba, bakina ne ya kuɓuce.

Ya cire tabarau ya goge. Ya tambaye ni a wane layi Yaya yake aiki a kasuwar Khartum. Na gaya masa, na nuna masa hoto. Ya daɗe yana kallo.

"Na san fuskar nan. Yakan zo aron sukundireba, ba ya mayarwa sai an bi shi." Ya yi ɗan murmushi. "Amma ban san inda ya yi ba. Ranar kowa ta kansa yake yi."

Ya karɓi sabon bord ɗinsa ya mayar kwali, ya ce zai sa cigiyar fitowar farko a wurin abokan sana'arsa da suka watsu, wasu Kasala, wasu Bur Sudan. Ya ce kada in sa rai da wuri, don an daɗe da daina ƙera shi, sai dai na hannu. Kafin in tafi ya jona rumbun a wata na'urarsa, ya lalubo muryar ya tura mini a waya, don in samu abin riƙewa.

Nan na yi wautar da ta fi ta kasuwa. Na iso gida da murnata, na tarar da Inna a rumfa tana tsince wake, ƙannena biyu suna gefe. Na durƙusa na miƙa wayar saitin kunnenta na danna. Muryar Yaya ta cika rumfar. Ƙannena suka fashe da kuka. Inna kuwa fuskarta ta ɗaure tamau, ta ture hannuna.

"Kai ba ka da hankali ne? Raba ni da wasan yara."

Ta tashi ta shige bukka, ta bar waken a tire, ba ta fito ba sai magariba. Ni da na girma a gidan nan, ni ne na manta. Inna ba za ta zauna a gaban 'ya'yanta ta saurari ɗan farinta ba. Sai dai in tana wucewa da shararta, wani ya yi sallama daga cikin ɗaki, sallama kuwa wajibi ne a amsa ta. Wannan 'yar ƙofar ce kaɗai al'ada ta bar mata, ni kuma na zo da hauka zan fasa bango.

Damina ta wuce, aka yi kaka, motocin riɗi suka cika hanya. Duk ranar da na samu sarari sai in biya ta barandar mutumin, shi kuma tun daga nesa yake girgiza kai. Sau ɗaya an aiko da wani daga Kasala, muka haska kusurwa, biyu ce. Na koyi duba kusurwa kafin in duba komai. A gida ganye ya fara taruwa a ƙofar ɗakin Yaya, ba mai sharewa. Inna ta rame, tana cewa ciwon ƙafa ne. Ni kuma a gareji nakan saka wayar a kunne in ji shi yana cewa a ɗora shayi, in koma ƙarƙashin tarakta inda ba mai ganin idona. Ina kewar Yaya. Ina kewar faɗan da muke yi a kan waye ya fi wani sanin inji, shi yana ce mini maƙeri, ni ina ce masa mai gyaran abin wasa. Da yana nan da ya yi mini dariya har ya faɗi a kan ramukan ƙusoshin nan, kuma da na ba da komai don in ji dariyar.

Wata safiya mutumin ya kira ni. Wani ofishi a garin Mafaza ya rufe, an sayar da tsofaffin kwamfutocinsa, a ciki an samu irin namu. Direban wata babbar mota ne ya taho da shi, a cikin ledar burodi, cuse tsakanin buhuna. Duk ƙura, gefe guda har da saƙar gizo-gizo. Na haska kusurwa. Ɗaya ce.

Wannan karon na bar shi ya haɗa da kansa, ni ina riƙe masa ƙusoshi kamar yaron shago. Da zai gwada na zare wayar sifika. Ya dube ni, na ce ba a nan za a fara jin ta ba. Ya kunna, hoton ya fito, na rubuta kalmar sirri, haruffan suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Komai yana inda Yaya ya bar shi, har kartar. Sai mutumin ya nuna ƙasan fuskar, ya ce ɗan batirin agogon bord ɗin ya mutu, kwanan wata ya koma shekarar da aka ƙera shi. Na duba. A shekarar nan babanmu yana da rai, Yaya yana zuwa gida duk sallah. Ya kai hannu zai gyara, na ce ya bar mata kwananta, ba inda za ta.

Washegari na shiga ɗakin da sassafe, na bar ƙofa a buɗe, na yi ta jan kujera da tari don a san ina ciki. Na jima ban ji komai ba. Har na fara tunanin ko ta fid da rai ne. Can sai na ji takunta, da ƙarar tsintsiya a kan busasshen ganye. Na danna, na rubuta, na sunkuyar da kai.

"Salamu alaikum, mutan gida. An tashi lafiya? To a ɗora shayi."

Tsintsiyar ta tsaya.

"Wa alaikumus salam," in ji Inna, a fili, da muryar da ban san tana da ita ba. "Lafiya lau. Ka daɗe."

Ban juyo ba, don na san in na juyo na ɓata komai.  Sannan ta ce, tana magana da bayana, "Kada ka kashe ta yau."

Ban je gareji ba ranar. Na zauna gadin akwati, fanka tana juyawa, har wajen azahar aka ɗauke wuta, fuskar ta yi baƙi. Na fito na same ta a rumfa tana wanke kofunan shayi, ƙannena suna zaune kusa da ita. Na ce mata an ɗauke wuta. Ta jera kofunan a tire, ta goge hannu a gefen tobinta, ta ɗago ta dube ni ido cikin ido a gaban kowa.

"In ta dawo, ka kira ni."